Marigayi Waziri Junaidu, Ma'ajin Littattafan Magabata

An haifi Alhaji Junaidu a birnin Sakkwato cikin 1906. Mahaifinsa shi ne Waziri Muhammadu Buhari, daga zuriyar Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu. Tun yana ƙarami mahaifin ya rasu, ya tashi a hannun danginsa yana karatun zaure har ya ƙware a Larabci da Fulatanci.

Ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato, sa'an nan a 1948 Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Waziri bayan rasuwar wansa Abbas.

Sarauta kuwa ba ta raba shi da takarda ba. Ya adana rubuce-rubucen Shehu, da na Abdullahin Gwandu, da na Muhammadu Bello, da wasiƙun wazirai kakanninsa, a zamanin da gara da yoyon damina ke cinye irinsu a gidaje da yawa. Daga wannan taska ce Bature Murray Last ya samo galibin abin da ya rubuta a kan daular Sakkwato, littafin da ya fito a 1967. Shi kansa Wazirin ya wallafa Tarihin Fulani.

Allah ya yi masa rasuwa a 1997. Hukumar adana tarihi ta Jihar Sakkwato sunansa ta ɗauka.

To, 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun, wa ke duba gafakar da iyayenmu suka bari a gida? Allah ya jiƙan Waziri, amin.