Marigayi Abdou Moumouni: Malamin da Ya Sa Rana Aiki

Duk wanda ya san birnin Yamai ya san babbar jami'ar da ke hayin kogin Kwara, wadda tun 1992 ake kiranta Jami'ar Abdou Moumouni. Sai dai ba kowane ɗalibi ne ya san cewa mai wannan suna ya ƙarar da fiye da shekara ashirin na rayuwarsa kan tambaya guda ba, watau yadda ƙasashen bakin hamada za su mai da zafin rana abin amfani.

An haifi Abdou Moumouni Dioffo a garin Tasawa ran 26 ga watan Yuni, 1929, lokacin da Nijar ke hannun Faransawa. Bayan karatun farko a gida, ya wuce makarantar William Ponty ta ƙasar Sanagal, daga nan kuma ya zarce Faris, inda ya karanta kimiyyar fizis. A 1956 ya ci jarrabawar nan mai tsanani da Faransa ke yi wa manyan malamanta, abin da ba a saba gani ba ga ɗan Afirka a wannan fanni.

Bai tsaya ga allo kaɗai ba. Yana cikin ɗaliban Afirka da suka yi fafitikar neman 'yanci a Faransa, kuma da ƙasar Gini ta ƙi tayin Janar de Gaulle a 1958, Faransawa suka kwashe ma'aikatansu, shi ma ya tafi Konakiri ya koyar. A 1964 ya wallafa littafinsa kan ilmi a Afirka, inda ya kafa hujjar cewa a koyar da yara da harsunan iyayensu, kana a haɗa karatu da sana'a.

Amma aikin da ya fi shahara da shi ya soma ne bayan ya je Tarayyar Sobiyat ya zurfafa bincike kan makamashin rana. Ya yi shekara biyar a Bamako yana tafiyar da ɗakin bincike kan wannan fanni, sa'an nan ya komo gida a 1969 aka danƙa masa hukumar makamashin rana ta Nijar, watau ONERSOL, wadda ya riƙe har 1985. A tsakanin nan kuma aka naɗa shi shugaban Jami'ar Yamai a 1979.

Zamanin ya zo daidai da tunaninsa. Fari ya addabi yankin Sahel daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974, dabbobi suka ƙare, ga kuma itacen girki ana sara ba a dasawa. A 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, alhali Nijar ba ta da teku, kowane digon mai sai an yi doguwar tafiya da shi a mota. Abin da ƙasar ke da shi a wadace, ba tare da biyan ko dala ba, shi ne rana.

Saboda haka hukumar tasa ta duƙufa wajen ƙera kayayyaki a cikin gida: na'urar ɗumama ruwa, da ta tace ruwa, da murhun rana, har da injin da zafin rana ke juyawa. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Baƙin faranti a ƙarƙashin gilashi yana shan zafi ya miƙa wa ruwan da ke bi ta cikin bututu. Madubi mai siffar kwano kuwa yana tattara hasken wuri guda har ya tafasa tukunya. Abin yabo a nan shi ne ya nace sai maƙeran ƙasa sun iya aikin da hannunsu.

Duk da haka, kayan ba su game gidaje ba. Murhun rana yana son tsakar rana, uwargida kuwa da almuru take tuƙa tuwo, kuma kuɗin sayensa ya fi ƙarfin talaka. Gwamnati ma ta fi karkata ga wutar da aka jawo daga Kainji a 1976, da kuma gawayin ƙasa na yankin Agadas.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga watan Afrilu, 1991, kafin maganar sauyin yanayi ta mamaye tarurrukan duniya. Hanyar da ta yi rinjaye daga baya ta ɗan bambanta da tasa, domin faifan da ke mai da haske lantarki kai tsaye su ne suka yi araha. A 2018 aka buɗe tashar megawat 7 a Malbaza. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulki, Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar na tsawon watanni, Yamai ta shiga duhu. Cikin wannan hali ne tashar hasken rana ta Gorou Banda, mai megawat 30, ta fara ba birnin wuta, shekara 32 bayan rasuwarsa.