Alois Alzheimer: Likitan da ya bi sawun mantuwa har cikin ƙwaƙwalwa

A ranar 26 ga watan Nuwamba na 1901, wani likita ɗan shekara 37 ya zauna gaban wata mata da aka kwantar jiya-jiya a asibitin masu taɓin hankali da farfaɗiya na birnin Frankfurt a Jamus. Sunanta Auguste Deter, shekarunta 51, matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa. Ya tambaye ta sunan mijinta, ta ba shi nata. Ya nuna mata alƙalami da mabuɗi ta faɗi sunayensu daidai, amma jim kaɗan ta manta an nuna mata wani abu. Da ya ce ta rubuta sunanta, sai ta fara ta tsaya a tsakiya, ta shaida masa cewa ji take kamar ta ɓace wa kanta. Likitan shi ne Alois Alzheimer, wanda yau cutar mantuwa mafi yaɗuwa a duniya ke ɗauke da sunansa.

An haife shi ranar 14 ga watan Yuni na 1864 a Marktbreit, wani ƙaramin gari a yankin Bavariya. Mahaifinsa jami'in tabbatar da takardun shari'a ne. Ya yi karatun likita a jami'o'in Berlin da Tübingen da Würzburg, ya kammala a 1887 da bincike kan sassan kunne masu fitar da dauɗa. A ƙarshen 1888 ya kama aiki a asibitin Frankfurt ƙarƙashin Emil Sioli, shugaban da ya ƙi jinin ɗaure marasa lafiya, ya fifita lallashi da dogon wanka da ruwan ɗumi. A nan ya haɗu da Franz Nissl, gwanin rina yankakkun sassan ƙwaƙwalwa domin a iya ganin ƙwayoyinta a madubin likita. Da rana su duba marasa lafiya, da dare su duƙufa a kan madubi. Abin da suka sa a gaba shi ne nuna cewa taɓin hankali da yawa ciwo ne na gaɓar jiki, wanda ido zai iya gani.

A 1894 ya auri Cecilie Geisenheimer, wadda mijinta na fari ya rasu ya bar mata dukiya. Sun haifi 'ya'ya uku kafin ta rasu a farkon 1901, watanni kaɗan kafin a kawo Auguste. Dukiyar da ta bari ce ta ba shi damar yin shekaru yana bincike ba tare da dogaro da albashi ba.

Abin da ya ɗaure masa kai game da Auguste shi ne shekarunta. Likitocin wancan zamani sun saba ganin ruɗewa a wajen masu shekara saba'in da tamanin, kuma suna ɗaukar ta a matsayin rabon tsufa. Ita kuwa ba ta kai nan ba. Ciwon ya fara mata da zargin mijinta da neman wata, daga nan ta riƙa ɓata a cikin gidanta, tana ɓoye kaya, tana kururuwa da dare don tana jin za a kashe ta. Alzheimer ya rubuta tambayoyinsa da amsoshinta dalla-dalla. Ko bayan da ya bar Frankfurt ya bi Emil Kraepelin, babban malamin ilmin taɓin hankali, zuwa Heidelberg sannan Munich a 1903, bai daina bibiyar halin da take ciki ba.

Auguste ta rasu ranar 8 ga watan Afrilu na 1906, bayan ta daɗe a kwance ba ta magana. Aka aika masa ƙwaƙwalwarta da takardunta zuwa Munich. Ya tarar ƙwaƙwalwar ta motse. Da ya rina yankakkun sassanta da ruwan azurfa bisa sabuwar dabarar Max Bielschowsky, sai ya ga abubuwa biyu. Na farko, wasu dunƙule-dunƙule da suka taru a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Na biyu, wasu zarurruka da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu, har ƙwayar ta mutu ta bar cukurkuɗaɗɗen zaren a gurbinta. Waɗannan alamu biyu ne har gobe ake tabbatar da cutar da su.

Ranar 3 ga watan Nuwamba na 1906 ya gabatar da sakamakon a taron likitocin ƙwaƙwalwa na kudu maso yammacin Jamus a Tübingen. Ya gama bayani, ba wanda ya yi tambaya, aka wuce ga mai jawabi na gaba. Bai karaya ba. Ya wallafa taƙaitaccen rahoto a 1907, shi da abokan aikinsa, ciki har da Gaetano Perusini ɗan Italiya, suka ci gaba da tattara wasu masu irin ciwon. A 1910 Kraepelin ya sanya wa cutar sunan Alzheimer a bugu na takwas na littafinsa na koyarwa.

Cikin likitocin ƙasashen waje da suka yi aiki a ɗakin bincikensa akwai Solomon Carter Fuller, haifaffen Monrobiya a Laberiya, wanda ya je Munich daga Amurka a 1904. A 1912 Fuller ya wallafa cikakken nazarin cutar da Turanci, tare da fassarar rahoton malaminsa.

A 1912 aka naɗa Alzheimer farfesa a Jami'ar Breslau, birnin da yanzu ake kira Wrocław a ƙasar Poland. A hanyarsa ta zuwa can cikin jirgin ƙasa ya kamu da ciwon da ya taɓa masa zuciya, bai kuma sake samun cikakkiyar lafiya ba. Ya rasu ranar 19 ga watan Disamba na 1915 yana da shekara 51, daidai shekarun Auguste ranar da ya fara ganin ta. An binne shi a Frankfurt kusa da matarsa.

Shekaru fiye da hamsin bayan rasuwarsa ana ɗaukar cutar a matsayin wadda ba kasafai ake samu ba, mai kama masu matsakaicin shekaru kawai. Sai a 1976 likitan Amurka Robert Katzman ya ja hankalin duniya cewa ita ce dai ke bayan mafi yawan ruɗewar tsofaffi. A 1984 aka gano cewa dunƙulen da Alzheimer ya gani wani furotin ne mai suna amyloid, ba da jimawa ba kuma aka gano zaren na furotin tau ne. A 1995 aka tsinci fayil ɗin Auguste a ma'ajiyar asibitin Frankfurt, da rubutun hannun likitan da nata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da ciwon ruɗewa, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari daga cutar Alzheimer, kuma akasarinsu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Nijeriya ma ta ba da gudummawa: daga 1992 masana a Ibadan da Indianapolis sun kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Amurka, suka ga cutar ta fi ƙaranci a Ibadan, abin da ya ƙarfafa bincike kan tasirin abinci da lafiyar jijiyoyin jini.

Abin da Bahaushe ke kira gigin tsufa, a wasu wurare a nahiyar Afirka yakan jawo wa tsohuwa zargin maita, ko a kulle dattijo a ɗaki don gudun abin kunya. Aikin Alzheimer ya nuna cewa mai wannan hali marar lafiya ne. Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da cutar ba, amma zuwa asibiti da wuri na da amfani, domin wata mantuwar daga baƙin ciki mai tsanani take, ko ƙarancin sinadarin B12, ko matsalar maƙoƙo, waɗanda duk ana magance su. Tun daga 1994, ranar 21 ga watan Satumba ta kowace shekara ce aka keɓe domin wayar da kai kan cutar a faɗin duniya.