Muhammadu Bello Mai Wurno, Jagoran Masu Hijira Zuwa Sudan

A gaɓar kogin Shuɗin Nilu, kudu da birnin Sennar na ƙasar Sudan, akwai wani gari da ake kira Maiurno, inda har yau ake jin Hausa da Fillanci a kasuwa. Garin ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, jinin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Ran 15 ga watan Maris 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru bai yarda ya zauna ƙarƙashinsu ba, sai ya nufi gabas da niyyar hijira. Jama'a masu ɗimbin yawa, malamai da manoma da sarakuna, suka bar gidajensu suka bi shi. Turawa suka bi sawunsu har Burmi ta ƙasar Gwambe, inda aka gwabza yaƙi ran 27 ga watan Yuli 1903. A nan Attahiru ya rasu, aka kuma kashe Manjo Marsh, kwamandan Turawa.

Nauyin waɗanda suka tsira sai ya faɗo kan Mai Wurno. Babu gari, babu gona, ga mata da yara da tsofaffi. Ya ja su ta hanyar da alhazai suka saba bi, suna tafe suna yada zango, har suka iso Shuɗin Nilu wajen shekarar 1906. Da farko sun sauka a ƙauyen Shaikh Talha, daga bisani suka kafa nasu garin.

Abin lura shi ne, ƙasar da suka iso ita ma tana hannun Ingilishi tun 1898. Watau mulkin da suka guje wa shi suka tarar. Mai Wurno ya auna, ya ga wani sabon yaƙi ba abin da zai haifar sai ƙarasa ragowar mutanensa. Saboda haka ya nemi ƙasar noma, ya zauna lafiya da hukuma, ita kuwa ta amince da shi a matsayin Sultan na jama'arsa.

Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, aka buɗe noman auduga na Jazira, sai buƙatar ma'aikata ta ƙaru. Maiurno ya zama masaukin baƙi daga Nijeriya ta Arewa. Alhazai kan tsaya su yi ƙodago su tara guzuri, da yawansu kuma nan suka yi zamansu.

Mai Wurno ya rasu a 1944, sarauta ta ci gaba a gidansa. Mahaifinsa ya yi suna da ƙin miƙa wuya. Shi kuwa ɗan, aikinsa shi ne samar wa korarrun mutane gona da matsuguni, kuma jikokinsu na nan a Sudan har yau. Allah ya jiƙansa.