Jerry Garcia, malamin gita da ya koma ɗalibi

An haifi Jerry Garcia a San Faransisko ta Amurka a 1942. Yana ɗan shekara 4, suna faskare da wansa, gatari ya guntule masa yatsan tsakiya na hannun dama. Bai hana shi kiɗa ba. Kafin ya yi suna, gita da banjo yake koyarwa a wani shagon kayan kiɗa a Palo Alto.

A 1965 suka kafa ƙungiyar Grateful Dead. Ba sa kaɗa waƙa yau yadda suka kaɗa ta jiya: ɗaya ya ƙago sauti nan take, sauran su bi shi, waƙa guda ta kai rabin awa. Masoya na bin su gari-gari suna naɗa a kaset, mujallar Guitar Player kuma ta nemi jin dabarar daga bakinsa.

A 1986 ciwon sukari ya jefa shi doguwar suma. Da ya farfaɗo, sai da abokinsa Merl Saunders ya zauna da shi ya sake koyon kiɗa. Ƙwaya kuwa bai iya rabuwa da ita ba: a gidan jinyar masu shaye-shaye zuciyarsa ta tsaya, ranar 9 ga Agustan 1995.