Fredirik na Uku: Sarkin da Ya Yi Mulki da Guntayen Takarda

A watan Janairu na 1887 muryar yarima mai jiran gadon sarautar Jamus ta dushe. Shekarunsa hamsin da biyar, dogo ne ƙaƙƙarfa mai cikar gemu, kuma tsohon mashayin taba. Fadawa suka ce mura ce ta hunturu. Wata goma sha bakwai bayan haka aka binne shi, ya yi sarautar kwana casa'in da tara ba tare da talakawansa sun ji muryarsa ba.

An haifi Fredirik a Potsdam ranar 18 ga Oktoba 1831. Ya yi karatu a jami'ar Bonn, abin da ba a saba gani ba ga ƴaƴan gidan sarautar Furusiya, waɗanda bariki ce makarantarsu. Yana ɗan shekara goma sha tara lokacin da wani Bajamushe, Adolf Overweg, abokin tafiyar Barth, ya rabu da shi a Tasawa ya nufi Maraɗi da ƙasar Gobir a 1851. A 1858 ya auri Biktoriya, babbar ɗiyar Sarauniyar Ingila, wadda ta ƙarfafa masa ra'ayin cewa sarki ya yi mulki tare da majalisa. Wannan ra'ayi ya haɗa shi da Bismarck, wazirin mahaifinsa. A 1863 ya tashi a bainar jama'a a Danzig ya nesanta kansa da dokar da ta ɗaure bakin jaridu. Ya jagoranci runduna a yaƙin Ostiriya na 1866 da na Faransa na 1870, ya kuma yi nasara, ko da yake ba ya son yaƙi. Sauran rayuwarsa jira ne: mahaifinsa, Wilhelm na Ɗaya, ya haura shekara casa'in yana kan karaga.

A watan Maris na 1887 Farfesa Karl Gerhardt ya saka masa ɗan madubi a maƙogwaro, irin wanda malamin waƙa Manuel Garcia ya fara duba nasa maƙwallaton da shi a 1854. Ya hango tsiro a tantanin maƙwallato na hagu. Ya ƙone shi da zazzafar waya sau da dama, aka tura yariman hutu garin Ems. Da ya dawo a watan Mayu tsiron ya sake fitowa, kuma Gerhardt ya lura da abin da ya fi tsiron tayar masa da hankali: tantanin na hagu ya yi nauyi, ba ya motsi kamar ɗan'uwansa na dama.

A nan ne tarihin sarkin ya shigo ajin ilimin furuci. Tantanin maƙwallato biyu ne. Sukan ware domin numfashi, su matso su yi karkarwa domin ziza, su rufe ruf domin hamza da tari da haɗiya. Jijiyar da ke motsa mafi yawan tsokokinsu ba ta bin gajeriyar hanya. Reshe ce ta wata babbar jijiya da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa, sai ta gangara ƙasa sannan ta juyo ta hau zuwa maƙogwaro. Ta hagu ta fi nisan zango, domin sai ta shiga ƙirji ta zagayo ƙarƙashin babbar hanyar jinin da ke fita daga zuciya. Tun ƙarni na biyu likita Galen ya nuna cewa idan aka yanke ta a jikin alade, kukansa yakan ɗauke nan take.

Saboda haka sankara tana tsayar da tantanin ta hanya biyu. Ko dai ta tsiro a wani wuri da jijiyar ke ratsawa, kamar huhu ko maƙoshi ko ƙullin wuyan nan da kan kumbura ya zama maƙoƙo, ta danne jijiyar, tantanin ya shanye alhali shi kansa lafiya lau yake. Mai sankarar huhu yakan fara zuwa asibiti da dusasshiyar murya kawai, kuma galibi ɓangaren hagu ne. Ko kuma ta tsiro a kan tantanin, ta kutsa cikin tsoka da gaɓar da ke juya shi, ta kafe shi. Ta biyun ce ta sami Fredirik. Tsiro marar illa yakan zauna a sama, tantanin na motsi da shi. Wanda ya hana motsi ya riga ya yi saiwa. Har yau likitoci suna auna nisan sankarar maƙwallato da wannan ma'auni: raguwar motsi mataki ne, kafewa gaba ɗaya mataki ne na gaba. Ba kowace shanyewar tantani ce sankara ba, domin tiyatar maƙoƙo da wasu ƙwayoyin cuta suna jawo ta, wani lokaci ma ba a gano dalili. Amma dushewar muryar da ta wuce mako uku abar dubawa ce.

Da a ce mai wannan ciwo Bahaushe ne, da asararsa ta fi ta Bajamushe. Ziza ce ta raba sani da zani. Saurin karkarwar tantanin ne ke ba da karin sauti, wanda ya raba wuya na jiki da wuya ta wahala, ya raba kukan yaro da kukar miya. Tunkuɗau irin su ƙ da ts ba sa fita sai maƙwallato ya rufe ya tunkuɗo iska, haka ɓ da ɗ da ƴ duk da hannunsa a ciki. Tantanin da ya shanye a buɗe yana barin iska ta zube, murya ta zama huci, numfashi ya ƙare kafin jimla ta ƙare. Sankira a ƙofar fadar Tsibiri da ya gamu da haka ya bar sana'a ke nan.

Likitocin Berlin, ƙarƙashin Ernst von Bergmann, suka ce sankara ce, suka sa ranar 21 ga Mayu domin tsaga maƙogwaron a cire tsiron. Kwana ɗaya kafin ranar aka kawo Morell Mackenzie daga Landan, wanda ya fi kowa suna a wannan fanni a Ingila. Ya ce ba a yanka magajin sarauta a kan zato. Ya tsinko ɗan nama aka kai wa Rudolf Virchow, uban ilimin binciken ƙwayoyin jiki, shi kuwa bai ga sankara a ciki ba. Aka sake tsinkowa, amsa ba ta sauya ba. Aka fasa tiyata.

Yana da sauƙi a yau a ɗora wa Mackenzie laifi, kuma yana da rabonsa, domin ya fifita guntun nama a kan abin da madubi ke nunawa. Sai dai tsoronsa ba na banza ba ne. Cire maƙwallato gaba ɗaya sabon aiki ne, Theodor Billroth ya fara yin sa a Biyana a 1873, kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa ba su daɗe ba. Hoton ƙashi bai zo ba sai 1895. Virchow kuma ya faɗi gaskiyar abin da aka ba shi. Guntun ne bai kai inda cutar take ba. Abin da ya ɓata lamarin shi ne siyasa. Gimbiya Baturiyar Ingila ce, likitan da ta amince da shi ɗan ƙasarsu ne, sai jaridun ƙasashen biyu suka mayar da maƙogwaron mutum ɗaya fagen gaba.

A watan Yuni ya hau doki cikin farin kaya a bikin cikar surukarsa shekara hamsin kan mulki, mutanen Landan suka yi ta sha'awarsa. Daga nan aka yi ta yawo da shi neman iska mai daɗi, har aka sauka a San Remo ta ƙasar Italiya. A can, cikin Nuwamba, Mackenzie da kansa ya yarda sankara ce. Aka ba yariman zaɓin cire maƙwallato, ya rubuta cewa bai yarda ba, sai dai a huda masa maƙogwaro idan numfashi ya gagara. Ranar 9 ga Fabrairu 1888 ya gagara, wani matashin likita, Fritz Bramann, ya huda ya saka bututu. Daga ranar iskar huhunsa ta daina bi ta tsakanin tantanin, magana ta ƙare.

Wata ɗaya cur bayan haka mahaifinsa ya rasu. Sabon sarki ya koma Berlin cikin sanyi, ya zauna a fadar Charlottenburg yana ba da umarni a rubuce, ministoci na tsaye suna jiran alƙalami ya tsaya. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana tanadin gyare-gyare, kuma kusan babu wanda ya samu aiwatarwa. Ya karrama wasu masu sassaucin ra'ayi, ciki har da Virchow. Babban abin da ya yi shi ne sauke ministan cikin gida Robert von Puttkamer a farkon Yuni, saboda katsalandan a zaɓe. Ya rasu ranar 15 ga Yuni 1888 a fadar da aka haife shi.

Ɗansa Wilhelm na Biyu ya sa sojoji suka kewaye fadar ana neman takardun mamacin, ya kuma ba da izinin buɗe gawar ba da son mahaifiyarsa ba. Virchow na cikin masu binciken, kuma a wannan karon ya ga sankarar, ta cinye maƙwallaton. Likitocin Jamus suka wallafa rahoto suna zargin Mackenzie, shi ma ya mayar da martani da littafi a shekarar, abin da ya jawo masa tsawatarwar ƙungiyar likitocin tiyata ta Ingila. Ya rasu a 1892. Sabon sarkin ya sallami Bismarck a 1890, ya yi mulki har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Biktoriya ta rayu shekara goma sha uku bayan mijinta, ita ma sankara ce ajalinta a 1901.