Mahatma Gandhi, mutumin da wahala ba ta karya ba

An haifi Mohandas Gandhi ran 2 ga watan Oktoba 1869 a garin Porbandar, a yammacin ƙasar Indiya. A zamanin nan Indiya tana ƙarƙashin mulkin Ingila. Mahaifinsa wazirin sarkin garin ne. Mahaifiyarsa, Putlibai, mace ce mai yawan azumi da ibada bisa addinin Hindu, addinin mafi yawan mutanen Indiya. A wurinta ya fara koyon kame kai da cika alkawari.

Karatunsa

A shekarar 1888 ya tafi Landan koyon aikin lauya. Can ne ya fara karanta Bhagavad Gita, littafi mai girma a wurin mabiya Hindu. Abu biyu ya riƙe daga cikinsa. Na farko, mutum ya yi aikin da ya wajaba a kansa, kada ya ɗaura zuciyarsa ga abin da zai samu. Na biyu, ya daidaita ransa, daɗi kada ya ruɗe shi, wuya kada ta karya shi. Ya kuma tashi da wata koyarwa da ake kira ahimsa, wato rashin cutar da kowane mai rai.

Ya koma gida a 1891, amma aiki bai yi masa kyau ba. Ran da ya fara tsayawa gaban alƙali, kunya ta kama shi, ya kasa magana.

Daren da aka fitar da shi daga jirgi

A 1893 wani attajiri Musulmi, Dada Abdulla, ya ɗauke shi aiki a Afirka ta Kudu. Wata rana yana cikin jirgin ƙasa da tikitinsa na ɗakin manya, sai aka ce ya tashi, don shi ba Bature ba ne. Ya ƙi. Aka jefar da shi da kayansa a tashar Pietermaritzburg, ya kwana cikin sanyi. Hanya biyu ke gabansa, ko ya koma Indiya da baƙin ciki, ko ya tsaya ya yaƙi wannan zalunci. Ya zaɓi tsayawa, har ya shekara 21 a ƙasar.

A 1897 wasu Turawa suka tare shi a birnin Durban, suka yi masa duka. Hukuma ta nemi ya kai ƙara, ya ƙi. A ganinsa mugun aiki ake yaƙa, ba mai aikin ba, domin mai zalunci ma yana iya sauyawa. A 1906 ya fara hanyar da ya kira satyagraha, ma'anarta riƙo da gaskiya. Mutane su ƙi bin dokar zalunci a fili, su yarda da ɗauri, amma kada su ɗaga hannu su bugi kowa. An ɗaure shi sau da dama. Da zai bar ƙasar a 1914, sai ya aika wa Janar Smuts, wanda gwamnatinsa ta ɗaure shi, kyautar takalman da ya ɗinka da hannunsa.

Gandhi ɗan Adam ne, yana da nasa aibi. Rubuce-rubucensa na ƙuruciya a Afirka ta Kudu sun ƙunshi raini ga baƙar fata. Saboda haka ne aka cire mutum-mutuminsa daga Jami'ar Ghana a 2018.

Tafiyar gishiri

Ya koma Indiya a 1915. Jama'a suka riƙa kiransa Mahatma, wato mai babban rai. Ya bar tufafin Turawa, ya riƙa kaɗa zare da kansa, yana kira ga talakawa su sa tufafin da suka saƙa.

A lokacin, doka ta hana ƴan Indiya yin gishiri ko sayar da shi, sai dai su saya da haraji a kai. Ka ɗauka a ce an hana mutanen Bilma taɓa gishirin ƙasarsu. Ran 12 ga Maris 1930 Gandhi ya tashi da ƙafa da mutum 78, yana da shekara 60. Suka yi kwana 24 suna tafiya, wajen kilomita 385, har bakin teku a Dandi. Can ya sunkuya ya ɗebi gishiri. Jama'a suka bi sawunsa, aka kama wajen mutum 60,000.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1944 matarsa, Kasturba, ta rasu suna tsare tare. Indiya ta sami ƴancin kai ran 15 ga Agusta 1947, amma aka raba ta biyu, Indiya da Pakistan, faɗa ya ɓarke tsakanin mabiya Hindu da Musulmi. Gandhi bai je biki ba. Ya zauna a Kalkata, ya daina cin abinci har faɗan birnin ya lafa. Ran 30 ga Janairu 1948, a birnin Delhi, wani mabiyin Hindu da ke zarginsa da goyon bayan Musulmi ya harbe shi yana kan hanyar zuwa addu'a. Ya rasu yana da shekara 78. Tun 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta mai da ranar haihuwarsa ranar ƙin tashin hankali ta duniya.

Abin koyi

Hausawa sun ce haƙuri maganin zaman duniya. Rayuwar Gandhi ta nuna cewa haƙuri ba naɗe hannu ba ne. Mai haƙuri yakan danne fushinsa, sannan ya tashi ya yi abin da yake iyawa. Mu ma mun ga irin haka. Bayan farin 1984, mutanen Keita, yawancinsu mata, suka jera duwatsu, suka haƙa ramuka, suka dasa itatuwa, har fako ya koma gona.

Ya kai mai koyon karatu a Sabon Gida, ko Madawa, ko Buza, in baƙi ya yi maka wuya yau, ko wani ya yi maka dariya don ka fara da furfura, kada ka ajiye alƙalami. Naka shi ne ka zo aji gobe.