Chad Varah: Mutumin da Ya Buɗe Layin Waya Don Sauraron Masu Damuwa

Mai karatu, idan akwai tsoho ko tsohuwa a danginka da ke wuni a ɗaki ba mai ce masa sannu, tarihin wannan mutumin ya shafe ka. Chad Varah limamin coci ne a ƙasar Ingila, bai taɓa karatun likita ba. Amma shi ne ya buɗe ɗaya daga cikin layukan waya na farko a duniya da mutum zai kira idan damuwa ta yi masa yawa, kuma har yau ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa na amfani da abin da ya gano.

An haife shi ranar 12 ga Nuwamba, 1911, a garin Barton-upon-Humber, shi ne babba cikin 'ya'ya tara. Mahaifinsa ma limamin coci ne. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, daga nan ya shiga makarantar horar da limamai a birnin Lincoln.

A 1935, yana sabon shiga aiki, aka tura shi jana'izar wata yarinya da ba ta wuce shekara 14 ba. Yarinyar ta fara ganin jinin al'ada, ba wanda ya taɓa yi mata bayani, sai ta ɗauka wata mummunar cutar sanyi ce ta kama ta. Kunya da tsoro suka hana ta tambaya, ta kashe kanta. A lokacin dokar Ingila na ɗaukar kashe kai a matsayin laifi, sai a 1961 aka soke wannan doka, don haka mai irin wannan tunani ɓoye shi yake yi. Abin ya tsaya wa Varah a rai. Hira ta minti kaɗan da wata babbar mace da ta isa ta ceci yarinyar. Tun daga nan ya riƙa koya wa matasa da masu shirin aure abin da ya shafi jikinsu, duk da zagin da ya sha a kan haka.

Shekaru suka wuce yana aiki a coci-coci, ya yi aure a 1940, suka haifi 'ya'ya biyar. A farkon shekarun 1950 ya ji cewa kusan mutum uku ne ke kashe kansu kullum a birnin Landan. Ya yi tunanin cewa mai gobara yana da lambar da zai kira, wanda ɓarawo ya shigar wa gida ma haka, amma wanda zuciyarsa ta ƙuntata ba shi da ita. A 1953 aka ba shi cocin St Stephen Walbrook da ke tsakiyar unguwar bankuna, inda mazauna ba su da yawa, don haka ya sami lokaci. Ya sa waya a cocin, lambarta MAN 9000, aka fara kira ranar 2 ga Nuwamba, 1953. Wata jarida ta laƙaba wa aikin sunan Samaritans, sunan da ƙungiyar ke amfani da shi har yanzu.

Abin da ya faru bayan nan shi ne ya fi dacewa ka riƙe. Mutane suka yi yawa, wasu na kira, wasu na zuwa da ƙafarsu suna jiran layi. Sai wasu 'yan sa-kai suka zo taimako, aikinsu kawai su ba masu jira shayi su zauna da su. Varah ya lura cewa da yawa daga cikin masu jiran suna amayar wa masu shayin abin da ke cikinsu, su tashi su tafi gida da sauƙi a zuciya ba tare da sun shiga wurinsa ba. Masu shayin ba su da ilimin ba da shawara. Suna dai saurare, ba sa katse mutum, ba sa yi masa wa'azi, ba sa ganin laifinsa. A watan Fabrairu, 1954, ya miƙa musu aikin sauraron, shi kuma ya koma zaɓen mutane da horar da su, da tura wanda ke buƙatar likita wurin likita.

Aikin ya bazu. An buɗe reshe na biyu a Edinburgh a 1959, a 1974 kuma ya kafa Befrienders International domin kai tsarin wasu ƙasashe. Yau Samaritans na da rassa kusan 200 a Birtaniya da Ireland, ana amsa waya dare da rana. Varah mutum ne mai kafiya, har a ƙarshen rayuwarsa ya saɓa da shugabannin ƙungiyar, yana ganin sun kauce daga manufar farko. Bai bar aikin coci ba sai 2003, yana da shekara 92. Ya rasu ranar 8 ga Nuwamba, 2007.

Bayan rasuwarsa an ɗauki tsarin an kai shi ga tsofaffi kai tsaye. A 2013 aka buɗe The Silver Line a Birtaniya, layin da tsoho zai kira don hira kawai. A 2021 mujallar JAMA Psychiatry ta buga wani bincike da aka yi a jihar Texas ta Amurka lokacin korona, a kan mutum 240 da ba sa iya fita, yawancinsu tsofaffi. Matasa da aka yi wa ɗan gajeren horo sun riƙa kiran rabinsu na tsawon mako huɗu, hirar kusan minti goma. Waɗanda aka kira sun sami raguwar kaɗaici da damuwa da fargaba fiye da waɗanda ba a kira ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman kan kaɗaici, saboda alaƙarsa da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, cutar mantuwa da ciwon damuwa.

Za ka iya cewa wannan matsalar Turawa ce, mu muna da zumunci. To duba Na'ibawa da unguwannin da ke kewaye da ita. Akwai dattawan da suka baro garuruwansu tun suna samari don aikin masana'antu a Bompai, Sharada da Challawa. Kamfanoni da dama sun rufe, abokan aiki sun watse ko sun rasu. 'Ya'ya na fita tun asuba zuwa kamfani, tasha ko kasuwar 'yan katako, sai dare. 'Ya'ya mata suna gidajen aure, wasu a wani gari. Idan ciwon gwiwa ko raunin ido ya hana dattijo zuwa masallaci da majalisa, ko ya hana tsohuwa zuwa biki da suna, to hanyar ganin mutane ta yanke, ko da gidan cike yake da yara.

Wayar da ke aljihunka za ta iya yin aikin da masu shayin nan suka yi. Ka tsayar da lokaci, misali bayan la'asar, ka kira da kanka, kada ka jira Baba ko Inna su yi maka filashin. Ka wuce gaisuwa, domin duk wanda ka tambaya lafiya zai ce lafiya lau. Tambayi me ya ci yau, yaya barcin jiya, wa ya leƙo shi. Idan ya fara kokawa, kada ka yi saurin ce masa ya yi haƙuri, wannan kalma takan rufe zancen tun bai fito ba. Bar shi ya maimaita labarin da ka ji sau goma. Idan kunnensa ya yi nauyi, ka yi magana a hankali a wuri marar hayaniya. Ku raba kwanakin mako tsakanin 'yan'uwa da jikoki, kowa ya san ranarsa.

Varah ya san inda sauraro ya tsaya, kai ma ka sani. Idan tsoho ya shafe mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya bar shan maganin hawan jini ko na suga, ko yana yawan cewa ya zama kaya gara ya mutu, kada ka ce tsufa ne. Ciwon damuwa na da magani a kowane shekaru. Ka kai shi ya ga likita. A Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, ba nisa da Na'ibawa, akwai kuma asibitin Dawanau. Idan ya ambaci kashe kansa, ka tambaye shi kai tsaye ko da gaske yake, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da guba daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, wadda tsoho ya kasa gane mutane ko wuri, ita ma ta gaggawa ce, don sau da yawa wata cuta ce a jiki ke kawo ta.

Bayan an dawo daga asibiti, ka ci gaba da kiran a lokacin da kuka saba.